Reshen da Ya Tsaya a Kan Marudut

Rosmauli na kicin tana jera kifi a tukunya, sai ta ji sanda na dukan siminti, ƙwas! ƙwas! Ko ba a faɗa ba Inang ce, wato Inna a yarensu, uwar mijinta Marudut.

"Uwar Tiur, fito! Kai kuma Marudut, ajiye wayar nan!"

Tsohuwa ta ɗaga sanda ta nuna takardar zuri'a da ke rataye a bangon falo. Kakanni sha shida, namiji na bin namiji, har aka zo kan Marudut, nan reshe ya tsaya cak. 'Ya'yansa uku, Tiur da ƙannenta, duk mata, mata kuwa ba a rubuta su.

"Na samo maka yarinya a garin Porsea. Jika namiji nake so kafin a rufe ni."

Marudut ya ce, "Inang, coci fa? A gaban jama'a za a karanta sunana a kore ni."

"Coci? Ibrahim matansa nawa? Yakubu fa? Ni za ka koya wa Littafi, shekara talatin ina jan waƙa?"

"Fasto ya ce Yahudawan ma, jikokin Yakubun, yawancinsu sun daɗe da hana—"

"Fasto mai 'ya'ya maza huɗu, ina ruwansa! Ga dabara: gobe mu je wurin Ustaz Lubis ka musulunta, a ɗaura aure. In ta haihu ka dawo coci ka tuba. Shi ke nan!"

Rosmauli ta kalli mijinta. Shi kuwa gogan ƙafarsa yake kallo, kamar yau aka ba shi ita. Shekara sha huɗu da aure, ko kalma guda ta kare ta! Ta koma kicin ta tarar kifi ya kama, ta ci kuka mai isarta. Da safe ta goge masa riga, ta ce da ita za a je.

Ustaz Lubis ya sa aka kawo kofi, ya saurari Inang har ƙarshe.

"Inang, aron addini kika zo, kamar tukunyar biki? A dafa, a wanke, a dawo mini da ita?"

"Ku ba mata huɗu aka yarje muku ba?"

"An yarje, ga wanda ya yi imani, kuma zai yi adalci. Marudut, ka yi imani?"

"Wato... Inang ce ta—"

"Ban tambayi Inang ba. Tun da ka zauna ka kasa haɗa ido da mace guda, biyu za ka yi wa adalci? Ke kuma Inang, Annabinmu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta wurin 'yarsa zuri'arsa ta ɗore."

Rosmauli ta ajiye kofinta.

"Uban Tiur, a gaban bagadi ka ce mutuwa kaɗai za ta raba mu. Ban hana ka ba, ba kuma zan roƙe ka ba. Amma da bakinka nake so in ji."

Inang ta zunguri Marudut da sanda.

"Yi magana mana!"

"Ba zan yi ba, Inang." Sai ya sake, da ƙarfi. "Ba zan yi ba!"

Suna isa gida ya sauko da takardar nan, ya karɓi biron Tiur, ya ja layi uku ƙarƙashin sunansa: Tiur, Lasma, Hotnida.

"Wayyo! Kakanni za su tashi!" in ji Inang.

Kwana biyu ba ta taɓa girkin Rosmauli ba. Rosmauli ba ta fasa kai mata ba, safe da rana, har da gaisuwa. Rana ta uku sai ga tsohuwa a gaban bango, tabarau a hanci, tana tsaki.

"Shuɗin biro! Kakanni sha shida da baƙi aka rubuta su. Uwar Tiur, miƙo mini baƙi."

Ita da kanta ta bi sunayen, ɗaya bayan ɗaya, tana mita.

Jama'a, addini ba kayan aro ba ne, naka ko na maƙwabci. Namijin da ya iya faɗin gaskiya a gaban uwarsa ya riƙe gidansa, macen da ta yi haƙuri ba ta zubar da mutuncinta ba kuwa, ga ribarta nan rataye a bango.