Sabulun Lailatu Ya Ƙi Tauri

Ran da Maiwada ya fara ganin Lailatu a ƙofar gidansu da ke Limawa, sabulu ya je saya, ba mata ya je nema ba. Malamin aikin hannu ne a firamare, yana neman sabulu mai tauri da ɗalibansa za su koyi sassaƙa da shi. Lokacin yaƙi ne, na kanti ya yi tsada. Ya danna nata, yatsansa ya nutse kamar a tuwo. Ta haɗe rai, shi kuwa ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Ta ce ya dawo mako mai zuwa. Sau biyar yana dawowa, sabulu na nan jiya-i-yau, hira ce kawai ke ƙara tsawo.

Mahaifinta, Malam Alhassan mahauci, ba yaro ba ne. Ya tare Maiwada a zaure, ya ce shi bai taɓa ganin ƙato yana wasa da sabulu ya kira shi aiki ba. Kada ya sake tako ƙofar nan sai ranar da sabulun ya yi tauri. In bai yi ba, to dama ba abin da ya haɗa su.

Nan fa Lailatu ta shiga uku. Ta dafa da man gyaɗa, ya fito kamar kunu. Ta ƙara ruwan toka, ya ci mata hannu. Ta zuba gishiri, ya bushe a sama, wuƙa na shiga ya ruguje. Duk wanda ta gwada takan aika ta hannun maƙwabciyarsu Alisabatu, wadda ke koyarwa makaranta ɗaya da Maiwada, amsa ta dawo a takarda.

"Hasken idona, tantabara na so in sassaƙa, kan ya faɗi tun ban kai fiffike ba. Ki ƙara ƙoƙari."

Haushi ya kama ta, kuma da gaskiyarta. Ta rubuta: "Malam, hannuwana sun saɓule, kai kana kukan tantabara. In sabulu kake so, ga kanti can."

Amsarsa gajera ce: "Ke nake so. Baba ne ya ce sabulu."

Ta zauna gaban tukunya ta sha kukanta, mahaifinta na jin ta daga zaure. Washegari da hantsi ya dawo daga kwata da kwano cike da kitsen shanu, ya dire mata. Ya ce ta narka ta tace, ta dafa da soda, ta zuba a akwati, kada ta taɓa shi sai ya yi wata guda.

"Baba, dama ka sani?"

"Tun ranar farko. So nake in ga ko yaron nan zai gudu."

Watan nan ya fi duk dafuwar wahala. Kullum sai ta leƙa akwatin, ta cije leɓe, ta mayar da murfi.

Da ranar ta cika, Maiwada ya durƙusa a zaure, ya ɗora wuƙa a kan sabulun. Ɓawon sabulu ya naɗe ya faɗo, gefen bai ko tsage ba. Malam Alhassan ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce ya turo magabatansa.

Aka ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Da za a kai amarya, tsohon ya riƙe hannuwanta da har yanzu ke da tabon toka, ya ce:

"Allah Ya yi miki albarka, uwata. Na wahalar da ke, ki yafe mini."