Kibiyar da Ta Kalli Baya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka kira caji ofis, aka ce wani mai babur ya yi haɗari. Ruwa bai gama ɗaukewa ba.

Sufeto ya tarar an riga an ɗauke gawar. Babur ɗin ne kawai kwance a kwanar bayan gada, babba, baƙi, irin na doguwar tafiya. Hular kwano tana can cikin ciyawa.

"Ma'aikacin asibiti ne, yallaɓai," in ji Saje, tana kare littafinta daga yayyafi. "Shekara ashirin da takwas. Gudu ne kawai. Na rubuta tuƙin ganganci."

"Kin ga gudun da idonki?"

"Yaran nan ai duk haka suke."

Sufeto ya kalli babur ɗin. Shi ma yana da ɗa a wani gari mai nisa, mai irin wannan babur, kuma rabon da su yi waya an kusa wata biyu.

Ya tsuguna ya shafa tayar baya. Zanenta ya cinye, gefe da gefe sumul kamar tafin hannu. Ta gaba kuwa sabuwa fil, har da 'yan gashin robar nan ba su kaɗe ba.

A bencin asibiti ya sami mahaifin marigayin, tsohon direban bas, shi kaɗai, da takardar ganin likita a hannu.

"Ni zai zo ɗauka," in ji tsohon. "Yau ne ranar awon idona. Na ce masa ya bari ruwa ya tsaya, ya ce, 'Baba, ba kai ka sa mini tayar ruwa ba?'"

"Kai ka saya masa?"

"Gaba da baya, mako uku ke nan. Shago huɗu na shiga. Aka ce mini wannan tsakiyarta tauri gare ta, tana jure zuwa aiki kullum, gefenta laushi, tana kama kwalta a kwana, zanenta kuma yana watsar da ruwa. Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa kashe ko kaza ba, yallaɓai. Ashe da hannuna na zaɓo abin da zai kashe ɗana."

"Baba, ka ce gaba da baya?"

"Ina tsaye mai faci ya sa su."

Sufeto ya sa aka kai babur ɗin rumfar mai faci. Mutumin ya leƙa tayar baya, ya ja tsaki.

"Wannan ba aikina ba ne. Dubi nan." Ya goge laka da babban yatsa, wata ƙaramar kibiya ta fito a jikin robar. "Kowace taya irin wannan tana da wajen da take juyawa. Wannan an sa ta a juye, kibiyar tana kallon baya. A rani ba za ka ji komai ba. Ranar ruwa, ɗan zanen da ya rage, maimakon ya kori ruwan, sai ya tara shi a ƙarƙashi."

"Wa zai yi haka?"

"Wanda ya iya tuƙi bai iya faci ba. Kuma ba tayar marigayin ba ce. Shi daga gida sai asibiti, hanya miƙaƙƙiya, tsakiya yake ci. Mai wannan kwanciya yake yi a kwana kamar zai sumbaci titi."

"Akwai wanda ya ari kayan aikinka kwanan nan?"

"Ni? Ko matata ba na ba ta aron ƙarfe."

Saje ta nuna allon bango. An zana siffar kowane ƙarfe da fenti a inda ake rataye shi. Wuri biyu babu komai sai zanen.

"Waɗannan fa, tafiya suka yi?"

Mai faci ya sosa ƙeya. "To... Dogo ne. Maƙwabcin marigayin. Ya ce kwana ɗaya. Na ji tsoro ne, hajiya."

Inda marigayin da Dogo suke zaune gidan haya ne mai ɗakuna shida, da rumfar kwano inda ake ajiye babura. Ɗakin marigayin a kulle, rigarsa ta aiki tana kan igiya, ruwa ya jiƙe ta. Wata mata mai wanki ta ce ya yi mako guda a wajen kwas, jiya da yamma ya dawo a mota.

Dogo ya fito yana ɗaura agogo. Mai kai saƙo ne a wani kamfani.

"Allah ya jiƙansa, abokina ne," ya ce. "Na sha gaya masa ya rage gudu."

"Ina naka babur ɗin?"

"Ya lalace, yallaɓai. Wata guda ban hau ba."

Sufeto ya yaye tamfol ɗin da aka rufe shi da shi. Ya taɓa injin. Da ɗumi.

"Lalataccen babur mai zazzaɓi," in ji Saje.

Tayar gaba tsohuwa ce, gefenta a cinye. Ta baya sabuwa, irin ta gaban babur ɗin marigayin sak. A ƙarƙashin benci ga ƙarafa biyu masu fentin mai faci.

"Sayenta na yi," in ji Dogo.

"A wane shago?"

Dogo ya shiga gyara agogon hannunsa.

"Dogo, ka san taya tana da kibiya?"

"Kibiya kuma?"

Sufeto ya nuna masa a jikin sabuwar. Ita ta dace, ta kalli gaba, sa'a kawai. Sannan ya gaya masa inda ɗayar ta kalla, da abin da ta yi a kwanar bayan gada.

Dogo ya zauna a ƙasa, cikin ruwan.

"Aro na yi, wallahi aro. An ce za a duba baburanmu a wajen aiki, mai tsohuwar taya a sallame shi. Na ce kafin ya dawo na mayar masa. Ya dawo jiya, na ce gobe. Da safe ina jin ya tayar da injin. Ina kwance ina jin ruwa a kan kwano. Na tashi zaune, yallaɓai. Na kai hannu ƙofa. Kunya ta hana ni buɗewa."

Saje ta sa masa ankwa. Matar nan ta bar wankinta, ta sauke rigar marigayin daga igiya, ta matse ta.

Da la'asar Sufeto ya je gidan tsohon da kansa. Masu gaisuwa sun watse, sai tabarmi da kofuna. Ya jingina sabuwar tayar a bango.

"Baba, ga wadda ka saya. Ba ta kan babur ɗin da safe. Zan mayar da ita ofis, shaida ce, amma na ce sai ka gani."

Tsohon ya matso. Idonsa ba ya gani sosai, sai ya bi zanen da yatsu, a hankali, tun daga tsakiya har gefe.

"Da ita ce, da ta riƙe shi?"

Sufeto ya dubi tayar. Bai saba faɗin abin da ba zai iya rubutawa a rahoto ba.

"Ban sani ba, Baba. Abin da na sani, zaɓinka bai yi kuskure ba. Kuma an goge ganganci daga takardarsa."

Tsohon ya gyaɗa kai, bai ɗauke hannunsa daga tayar ba.

A mota Sufeto ya ciro waya, ya daɗe yana kallon lambar ɗansa kafin ya danna. Ta yi ƙara har sau biyar.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau. Kana kusa da babur ɗinka?"

"Yana waje. Me ya faru?"

"Fita ka duba mini tayar baya. Zan jira."