Wanda Ya Tokare Bangon Ɗakin Kaka

Ƙawata, matso kusa, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce.

Gidan wani magini ne. Wata magariba matarsa tana kwashe shanya, sai ta ji an jefi kwanon ɗakin kaka, uwar maigidan, wadda ta shekara uku a kwance. Ta duba, ɓarɓashin bulo ne. Kwana tara ana jifan nan da an kira salla, ba a ga mai yi ba. A na goma, 'yarsu budurwa ta ajiye tsintsiya, ta je ta jingina bayanta da bangon ɗakin, ta sandare. Mutum uku suka kasa ɓamɓare ta.

Aka kira malam. Ya yi alwala, ya zauna yana karatu har gumi ya jiƙa masa riga. Can yarinyar ta buɗe baki da muryar tsoho, a gajiye.

"Ya isa, malam. Ba faɗa ya kawo ni ba."

"To fita ka bar musu yarinya."

"Ai fitar nake roƙo. Damina goma sha ɗaya ina tokare da bangon nan da bayana, don tsohuwar in tana addu'a ba ta ware kowa a gidan, har mu aljanu. Indararo ya tsage, ruwa ya bi bango, rana ta gasa, bulo ya zama gari. Shi kuwa gwanin naku, duk shekara sai ya shafe fuskar da siminti ya yi fenti. Da bangon kansa na yi ta jifa ko zai ɗauka ya duba. Sharewa ake yi a zubar."

Maginin ya sunkuyar da kai.

"Me kake so?" in ji malam.

"Ku fitar da tsohuwar daga ɗakin. Zan iya kaiwa la'asar ɗin gobe. Ban yi alkawarin magariba ba."

Yarinyar ta sulale ƙasa tana neman ruwa.

Kafin isha'i aka ɗauke kaka da gadonta zuwa falo, tana mitar an raba ta da ɗakinta. Washegari bayan la'asar, ba iska ba hadari, bangon ya zube a hankali, daidai inda gadon yake. Kaka ta saurara har ƙura ta lafa, ta ce, "Sannu, bawan Allah. A huta gajiya."

Maginin nan ƙanena ne, kuma da ginin yake ciyar da mutum bakwai. Don Allah, ƙawata, ki bar shi a cikinki, kar kowa ya ji.