Ruwan Zafin Mu'allim Zaglul

Da la'asar sakaliya Mu'allim Zaglul ya kori kowa daga gidan gahawarsa da ke lungun Bulaƙ, ya ja ƙofa. Ransa a ɓace yake. Hajji Awad, wanda ya shekara ashirin yana shan shisha a wurin, shi ne ya zuƙa sau ɗaya ya tofar a gaban jama'a.

"Wannan shisha ce ko bututun masai? Tsatsa nake sha, Mu'allim! Ubanka, Allah ya jiƙansa, da harshe ma zai lashe ta kafin ta kai haka."

Aka kwashe da dariya. Kuma abin haushin, gaskiya tsohon ya faɗa. Shishar tagullar mahaifin Zaglul ce, wadda saboda ita ake tsallako shaguna biyar a zo nan. Ga ta yanzu wuyanta ya yi kore shar, bututun ciki ya cushe da jar tsatsa. Zaglul mutum ne da ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya zagi kakansa. Ya rantse gobe sai Awad ya ga gemunsa a jikin tagullar nan.

Ya kwance shishar gaɓa-gaɓa a tsakar gidan baya, kusa da magudana. Ya yanka lemon tsami, ya dangwala gishiri, ya shiga dirza yana zagi. Koren ya fita. Tsatsar ciki ta ƙi. Ya cusa waya, ya zuba toka, a banza. Sai ya ɗora tukunya a wuta.

Ruwa na tafasa, ladan ya fara kiran magariba. Matarsa Sabriya ta leƙo ta tagar sama.

"Maigida, ka bari a yi salla. Ba a zuba ruwan zafi a magudana yanzu. In ka matsu, ka ce dastur, ka nemi izinin masu wurin."

"Izini? A gidan ubana? Mayar da kanki ciki, mata!"

Ya tsaya da bututun a bakin magudanar, ya juye tukunyar duka. Ba bisimilla, ba dastur. Jan ruwa ya gangara cikin rami yana tururi.

Wani abu ya yi ƙara a ƙasa. Siririyar ƙara, irin ta jariri.

Sai tsit. Ko muryar ladan babu.

Wari ya taso. Ba na lemo ba, ba na tsatsa ba. Ƙaurin fata.

A bayansa ya ji gudur-gudur-gudur. Ya waiwaya. Shishar da ya bari a warwatse tana tsaye a haɗe. Babu garwashi a kanta, babu taba, amma ruwan tulunta yana ɓulɓula. Tiyon zuƙarta ya miƙe a ƙasa, bakinsa ya shige magudana. Wani ne a can ciki yake zuƙa.

"Wa ke nan?"

Murya ta fito daga ramin, ta mace, ƙasa-ƙasa, tana rawa don fushi.

"Kalma ɗaya, Zaglul. Da na janye ɗana."

"Wa ya ce ku tare mini a magudana?" Bakinsa ne ya riga hankalinsa.

"Ubanka ya shekara arba'in yana cewa dastur. Kai ka fi shi?"

Tiyon ya zaro kansa daga ramin a hankali. Ya ɗago. Ya juyo.

Zaglul ya ja da baya, bango ya tare shi.

Bakin tiyon ya faɗa bakinsa, ya bugi haƙora. Ba hayaƙi ya shigo ba. Zuƙarsa ake yi. Iskar ƙirjinsa tana fita, tulun yana ɓulɓula da ita. Ya zube ƙasa. Ya ga bangon yana duhu.

Ya so ya yi ihu. Babu numfashin yi.

Daga sama gishiri ya zubo kamar tsakuwa. Sabriya ce, tana watsawa da hannu biyu, tana kuka.

"Dastur, ya masu gida! Dastur! Jahili ne, ku bar mini shi don Allah!"

Tiyon ya faɗi. Zaglul ya rarrafa zuwa ƙofa, yana aman jan ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe.

Da safe aka tarar da shishar tana ƙyalli, ciki da waje, babu ɗigon tsatsa. Hajji Awad ya zuƙa ya ce bai taɓa shan mai daɗinta ba. Zaglul kuwa bai sake kai tiyo bakinsa ba har yau.

Mutanen lungu suna cewa Mu'allim ya yi sanyi, tsufa ya gyara shi. Ƙarya ne, fushinsa na nan yadda yake. Sai dai duk lokacin da ya taso masa, kafin zagi ya iso bakinsa, ƙirjinsa ke fara gudur-gudur, numfashi ya ɗauke. Sai ya dafa tebur, ya haɗiye maganar, idonsa jajir, ya jira a sake shi.