Tambayar da Ta Tsayar da Zubeiru

A gidan suna a Sakasaka na fara jin maganar, ana tsakiyar raba shinkafa da wake.

"Ai jikar Madam Salimatu ta yi bature!"

Ni ce Madam Salimatu. Mai maganar kuwa Shahida ce, ba ta san ina zaune a bayanta ba. Duk unguwa an san ta daɗe tana son Zubeiru, wanda zai auri jikata Mashudatu.

"Kullum tana kan kwamfuta suna musayar Turanci. Da idona na gani! Dama mace in boko ya yi mata yawa, namijin gida ba ya isarta."

Tun ina budurwa nake jin wannan zance na boko ya yi yawa, har na koyar da Turanci na yi ritaya, ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya auna shi ba. Amma kafin la'asar ya kai kunnen Hajiya Zakiya, mahaifiyar Zubeiru. Ta aiko a ce mana an dakatar da kawo goron aure.

Na tari keken haya mai ƙafa uku, yalo-yalo, sai unguwar Gurugu, gidan su Mashudatu.

Na tarar da Mashudatu a ɗaki, idanu sun kumbura, kwamfuta a cinya.

"Buɗe min baturen naki in gani."

"Kaka..."

"Buɗe! In kyakkyawa ne ni zan aure shi."

Ta yi dariya cikin kuka, ta juyo min da kwamfutar. Na sa tabarau. Mutane ne birjik daga ƙasashe daban-daban, maza da mata, kowa na ganin abin da kowa ya rubuta. Na duba sama, na duba ƙasa, ko kalmar so ɗaya babu. Gardama suke ta yi a kan wata tambaya.

"Akwai manhajar da in ka aika saƙo ɗaya, zai isa ga duk 'yan ƙungiya," in ji ta. "Kafin ta zauna a kwamfuta sai ta yi wa mutum tambayoyi. Turancin tambayoyin muke gyarawa. Aikin sa-kai ne. Jiya aka karɓi gyaran da na yi wa wannan, aka sa shi a manhajar."

Na karanta tsohuwar tambayar. Sai da na koma farko na sake. An cusa abu uku a numfashi ɗaya, aka ɗora gargaɗi a kai.

"Da ɗalibina ne ya rubuta wannan, da ya sha jan biro. To me ya hana ki faɗa wa mutane?"

"Za su ce me ya kai ni."

"Me ya kai ki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Zubeiru... Ya yi wa ƙungiyar masu man kaɗanya ta Nyanshegu alkawarin zai girka musu ita, tunda shi ne sakatarensu. Na gan shi ya tsaya cak a kan tambayar nan, yana gumi. Da na leƙa sai ya rufe kwamfutar, wai caji ya ƙare. Kaka, cajin a cike yake."

"Sai ki karanta masa mana!"

"Kullum ana faɗa masa na fi shi karatu, zan raina shi. In na karanta masa, ai na tabbatar musu. Kuma ba laifinsa ba ne, tambayar ce ba ta da kai. Shi ne na ce bari in gyara ta tun daga tushe, ya wuce da kansa, ba tare da ya san na sa hannu ba."

"Sai ki rasa aure don kada ya ji kunya?"

"Gara a zage ni, Kaka..."

Na ɗauki waya na kira Zubeiru.

Zubeiru ya zo fuska a ɗaure, ko kallonta bai yi ba.

"Angona, zauna. Ba a shigo wa mata biyu da wannan fuska. Ga kwamfuta, girka min manhajar nan."

"Madam, akwai wata tambaya a ciki da..."

"Danna dai."

Ya danna. Tambayar ta fito, gajera. Ya amsa. Ta biyu ta fito, ya amsa. Ta uku ma haka. Sai ya janye hannunsa.

"Ba haka take ba da. Wa ya canza ta?"

Na nuna masa ita da baki.

Ya juya a hankali. Mashudatu ta rufe fuska da mayafi.

"Mashu... kin san cajin bai ƙare ba?"

Ta gyaɗa kai.

"Kuma kika bari ana zaginki a gari?"

"Ban so ka ji ba daɗi, abin ƙaunata."

"Ni kuma na zauna ina cewa kin gaji da ni..." Ya matso kusa da ita. "Ki yafe min, sanyin idona. Wallahi ki yafe min!"

"To, to," na ce, "ku tuna akwai tsohuwa a ɗakin."

Ya miƙe ya ce sai mun je wurin mahaifiyarsa tare. Mashudatu ta riƙe bakin rigarsa.

"Kada ka faɗa mata dalilin!"

"Shi zan fara faɗa."

Mun sami Hajiya Zakiya a tsakar gida, Shahida na taya ta tsince wake. Zubeiru ya durƙusa.

"Mma, ni Turanci ya gagara, na ɓoye. Ita ta rufa min asiri."

Ya kwashe duka ya faɗa. Shahida ta tuna ta bar miya a wuta. Hajiya ta dubi Mashudatu, ta matsa mata a kan tabarma.

"Zo nan, 'yata. Zubeiru, je ka ce wa kawunka Juma'a za a kai goro."

Ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Madam, baturen fa?"

"Babu bature, Hajiya. Tambaya ce ta tsayar da ɗanki, jikata ta gyara ta."