Gurnanin da ke Bayan Waƙa

Ana dab da magariba Mai Kunne ya shigo gida rungume da ƙaton kwali, gumi har cikin ido. Sunan nan shi ya raɗa wa kansa. Sana'arsa ɗaukar murya da tace waƙa a wani ɗaki can ƙarshen gida, kuma a ganinsa duk garin babu wanda ya kai shi ji. In gaya muku gaskiya, mutum ne mai baƙar zuciya, magana ɗaya biyu ya hau ka da masifa.

Shekara uku ke nan wani gurnani na cin ransa. Duk abin da ya ɗauka a ɗakin, in ya saurara, sai ya ji wani guuu can ƙasa, a bayan kiɗa, a bayan murya. Ya canja waya. Ya canja makirfo. Ya manne bango da ƙofa da soso mai kauri. Duk a banza. Daga ƙarshe ya ɗora laifin a kan tsofaffin sifikokinsa. Wata guda ya yi yana zagaya shaguna, wannan ta cika dundu, waccan tana soka kunne, har ya dace da wasu biyu. Mai shagon ya ce, "Waɗannan ba sa rufa asiri. Abin da ka ɗauka shi za su faɗa maka, da daɗi ko ba daɗi."

Matarsa tana kwashe shanya, ta ga kwalin.

"Maigida, ka bari sai da safe mana. Na sha gaya maka, abin nan ba na waya ba ne. Ni kamar magana nake ji."

"Ke ɗin? Da kunnen naki na jin gulma? Shekara nawa ina wannan aiki? Kada ki kuskura ki taɓa mini ƙofa."

Ya shige, ya banko ƙofar.

Ɗakin yana warin sabuwar roba. Ya jera sababbin kusa da tsofaffin, ya auna tazararsu da awo, ya ja kujera ya zauna daidai tsakiya. A gabansa akwai maɓalli, dannawa ɗaya ya koma daga tsofaffi zuwa sababbi. Sai ya nemo abin gwaji. Al'adarsa ce, kafin mawaƙi ya buɗe baki, yakan ɗauki shirun ɗakin na minti guda. Ya kunna na jiya.

Tsofaffin suka ce guuu, yadda suka saba. Ya ja tsaki, ya danna maɓalli.

Gurnanin ya washe tas. Ashe numfashi ne. Ana ja, ana saki, a hankali, irin na wanda ke danne fushi. Kuma ba daga dama yake fitowa ba, ba daga hagu ba. Daga tsakiya, inda babu sifika, daidai fuskarsa.

Ya koma tsofaffi. Guuu.

Ya dawo sababbi.

"Ka yi shiru."

Muryar tsoho ce, busasshiya. Amma taurin kai bai bar shi ba. Ya ce ai wani ɗan iskan mawaƙi ne ya yi masa wasa. Ya buɗe na watan jiya. Ya buɗe na bara. Ya buɗe na ranar farko da ya fara aiki a ɗakin.

"Ka yi shiru. Ka yi shiru. Ka yi shiru."

Ya fisge wayar wuta daga bango. Fitilun sifikokin suka mutu, kwamfuta ta yi baƙi.

Numfashin bai tsaya ba.

Warin roba ya ɓace. Wani ƙauri ya maye gurbinsa, kamar an babbaka gashi. Sanyi ya hau ƙafafunsa.

"Kafin a haifi kakanka nake nan," in ji muryar, a raɗe. "Shekara uku ina gaya maka. Matarka ta ji. Kai ba ka ji ba."

Ya yunƙura. Kujera ta riƙe shi.

"To, me za ka yi da kunne?"

Wani abu mai sanyi ya dafa kunnensa na hagu. Ya shiga. Ya ci gaba da shiga.

Ya kurma ihu, yana kiran matarsa. Soson da ya manna da hannunsa ya shanye ihun kaf.

Kunnen hagu ya ce ɗif.

Sanyin ya zagayo ta ƙeya, ya nufi na dama.

Sai ƙofa ta bugi bango. Hasken tsakar gida ya faɗo ciki, ga matarsa tana salati da ƙarfi. Ta damƙi wuyan rigarsa, ta finciko shi shi da kujerar gaba ɗaya, suka zube a waje. Ƙofar ta rufe kanta.

Ba ihunsa ta ji ba, baiwar Allah. Shekara uku, kullum da yamma bangon madafarta yana rawa da kiɗansa, har kwanuka su riƙa kaɗawa. Ranar nan ta ji kwanukan sun yi tsit, shi ne ta ruga ɗakin.

Likita ya leƙa kunnen, ya ce bai ga ciwo ba, amma ko ganga aka buga masa ba ya ji. Ɗakin aka datse da kwaɗo, sababbin sifikokin suna ciki, ba wanda ya yi zancen ɗauko su. Yanzu a falo yake aiki da wasu 'yan ƙananan sifikoki, murya ƙasa-ƙasa. In ya gama tace waƙa, dole ya kira matarsa, ya zaunar da ita a tsakiya, ya ce, "Don Allah, ya kika ji?"

Hali kuwa ba ya fita rana ɗaya. Wani lokaci tana cikin ba shi amsa sai ransa ya ɓaci, ya ɗaga murya. Nan take za ka ga ya ƙame, ya dafe mataccen kunnen, ido waje. Abu ɗaya tak kunnen ke ji har yau.

"Ka yi shiru. Saura ɗaya."