Baƙuwar Da Ta Ƙi Zama

“Ba zan hau dandamalin nan ba!”

Na faɗa da ƙarfi, ban sassauta ba.

Renske ta juyo tana duban agogon hannunta. Ita ce jami'ar ƙungiyar da ta gayyato mu ƙasar Holan, doguwa, kyakkyawa, komai nata a tsare.

“Tabita, zauren coci ya cika. Mene ne kuma?”

Na nuna mata ƙaton hoton da ta rataya a bango. Wani yaro ne tsirara, ciki a kumbure, ƙudaje a idanunsa.

“Wannan ɗan waye? Ba ɗalibina ba ne! Yarana kurame ne, ba mayunwata ba.”

“Na sani. Amma mutane ba sa taimako sai sun ga abin tausayi. Na fi ki sanin mutanena.”

Kawu Bitrus, ƙanin mahaifiyata kuma shugaban makarantarmu ta kurame a Pankshin, ya ja gefen rigata.

“Ke 'yar nan, baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa. Yi haƙuri mu gama mu tafi.”

Hawaye ya cika mini ido...

Sai na ji an ja kujera. Jelle ne, saurayin da ke tuƙa mu yana kuma yi mana tafinta. Ya taka kujerar, ya cire hoton, ya naɗe shi kamar tabarma, ya miƙa wa Renske.

“Jelle! Me kake yi?”

“Malama ta ce ba ɗalibinta ba ne.” Ya dube ni. “Kina da naki?”

Ina da su kuwa, cike da waya.

Ranar na nuna musu yarana suna rawa. Ba sa jin ganga, amma suna jin dukanta a tafin ƙafa, don haka ba takalmi suke cashewa. Na nuna Nanret, sarauniyar tsokana, tana kwaikwayon tafiyar Kawu. Zaure ya kwashe da dariya, har da Kawun. Da aka tashi, sai da tsofaffi suka yi layi suna tambaya ta yadda ake cewa “na gode” da hannu.

Renske ta yi tafi tare da kowa. Idonta ne kawai bai yi ba.

*

Rangadi muka zo, coci zuwa coci, makaranta zuwa makaranta, muna ba da labarin yaranmu don a taimaka mu gina ɗakin kwanan 'yan mata. Masaukinmu gidan iyayen Jelle ne, gidan gona a wani ƙauye kusa da Dokkum. Shanu a baya, iska a gaba, ruwan sama kuma duk lokacin da ya ga dama.

Kawu bai taɓa yafe musu abincin rana ba.

“Burodi da cuku, sanyi ƙalau! Mutane da shanu haka, a ce ba mai dafa ko romo?”

Ya zaro ƙullin yaji daga aljihun kwat ya barbaɗa. Idan Mem, haka Jelle ke kiran mahaifiyarsa, ta kawo kofi, sai ta buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ta rufe.

“Tabita, laifi muka yi?” Kawu ya raɗa mini.

“Haka al'adarsu take, Kawu.”

“Allah ya kyauta.”

Ni kuwa daɗin gidan nake ji, saboda Heit, mahaifin Jelle. Kurma ne tun haihuwa. Ranar da muka sauka, kowa ya nufi Mem da gaisuwa, ni na nufe shi na gaishe shi da hannu. Maganar hannunsu daban da tamu, amma kurma da malamar kurame ba sa ɓata. Kafin mako ya fita muna hira a garke muna ƙyaƙyata dariya, ya gaya mini sunan kowace saniya da halinta.

Sau da yawa ina ɗagowa sai in ga Jelle a bakin ƙofa yana kallonmu.

Shi ya koya mini keke. Ranar da na fara tafiya ba faɗuwa muka hau kan ganuwar da ke tare teku. Tumaki na kiwo, iska na neman kwashe mini ɗankwali. Ya tsaya ya jingine kekensa.

“Malama, ina son ki.”

Saura kaɗan in faɗi.

“Haka kawai?!”

“To yaya ake yi?”

“A garinmu sai ka yi ta zarya, ka aiko abokinka, ka sayi turare, ni kuma in yi ta ja maka aji...”

“Za ki koma ƙarshen wata. Ina na ga lokacin zarya? Na ga gara in faɗa.”

Kunnuwansa sun yi jajir. Na sunkuyar da kai ina wasa da ƙararrawar keke.

“Ba ki ce komai ba.”

Sai na ɗaga hannu na faɗa masa da maganar yarana.

Ɗan kurma ne. Bai nemi tafinta ba.

“Masoyiyata...” ya ce a hankali, kamar mai gwada kalmar a baki. Ashe a wajen Kawu ya tambayo kalmar, wai don wata waƙa.

*

Ashe Renske ta daɗe da sa rai a kansa. Tare suka yi makaranta, kuma Mem ta gama yi musu aure a zuciyarta.

Wata safiya Jelle da Kawu suka tafi gyaran mota. Mem ta zuba mini kofi, ba ta ko buɗe gwangwanin ba.

“Zan tambaye ki, ki ba ni amsa kai tsaye. Ɗana kike so ko takardar zama a ƙasar nan?”

Kofin ya kusa suɓuce mini.

“Mem...”

“Renske ta ji ki a waya. Kin ce kin samu wawan da zai aure ki, ba za ki koma ba. Ta sanar da kwamitin ƙungiya. An taɓa kawo wani baƙo ya gudu ana gobe tafiya, ƙungiya ta sha kunya. Sun ce in haka ne, babu ginin.”

Ginin 'yan matana!

Yara suna kwana a aji, kan benci, ni kuma na zo na rushe musu ɗaki da soyayya...

Na miƙe.

“Mem, ina son ɗanki, ba zan ɓoye ba. Amma ina da aji yana jira na. Ranar da aka rubuta a tikitina, ranar zan tafi. Ko ke kika roƙe ni in zauna, ba zan zauna ba.”

Ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta kwashe kofunan.

Da Kawu ya dawo ya ji, kamar zai tsage gidan.

“Aiki muka zo ko zance? Me zan gaya wa uwarki? Na kawo ki Turai kin liƙe wa ɗan masu gida! Daga yau ko gaisuwa kada in gani!”

“Kawu, ban faɗi maganar nan ba...”

“Rufe mini baki!”

Jelle kuwa jakarsa ya ɗauka zai nufi gidan Renske. Na tare ƙofa.

“In ka je ka yi faɗa, ka tabbatar musu na juya maka kai. Zauna.”

“In zauna ana ɓata miki suna?”

“Don Allah, nawa. Zauna.”

Ya zauna, yana huci.

*

Kwamiti ya kira mu a ɗakin bayan coci. Dattawa ne masu furfura, ba mugaye ba, tsoro ne kawai ya kama su. Mem na gefe, Heit kusa da ita, Jelle na fassara masa da hannu.

Renske ta maimaita zancenta tsaf, ba gargada. Wai a lambu ta same ni ina waya da gida.

Kawu, wanda ya kwana biyu ba ya yi mini magana, ya gyara zama. Ya dube ta da fara'a, ya ce da Hausa:

“'Yata, kin karya kumallo kuwa?”

Renske ta ƙifta ido.

“Na ce, hancinki ne dogo ko nawa?”

Renske ta dubi Jelle. “Me yake cewa?”

Kawu ya koma Turanci.

“Abin da nake so in sani ke nan. Yarinyar nan uwarta ba ta jin Turanci ko na sayen gishiri. Da Hausa suke waya, wani lokaci da yarenmu na Ngas. To da wanne kika ji ta?”

Fuskar Renske ta yi ja har wuya.

“Na... yanayin muryarta ne...”

Jelle na gama fassarawa, Heit ya buga tebur ya fashe da dariya, irin dariyar kurma mai fitowa daga ciki ba awo. Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya goge.

“Renske, ƙarya kika yi?”

Ta fashe da kuka.

“Tun muna yara nake jiran sa! Ita daga zuwa...”

Ta fice da gudu.

Allah ya sani, tausayinta na ji. Na san abin da take so, ni ma shi nake so.

Suka ba mu haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Aka ce gini na nan daram. A mota na ce, “Kawu, na gode.”

“Ba don ke na yi ba. Ni kaɗai ke da izinin zagin ki.” Ya harari Jelle ta madubi. “Kai kuma dogo, a wurinmu ba a tsintar mace a hanya. Tana da gida.”

“Ina gidan yake, Kawu?”

“Au, har na zama kawunka? Kalli titi!”

Da yamma Mem ta same ni ina wanke kwanuka. Ta ɗauki tsumma tana gogewa.

“Na yi kuskure,” ta ce. “Na so in yarda da ita ne. Ɗa ɗaya gare ni. Na ji tsoron ki zauna don takarda, yanzu kuma ina tsoron ki tafi da shi.”

“Mem, ban zo raba ki da ɗanki ba.”

“Na sani. Tun da na auri mutumin nan, duk baƙon da ya shigo gidan nan da ni yake magana, shi sai a ɗaga masa hannu kamar yaro. Ke kaɗai kika zauna kika saurare shi.”

Ta share ido da bayan hannu, ta ce in miƙo tukunya.

*

Na tafi a ranar da na ce.

A filin jirgi Jelle ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

“Zan zo.”

“Kowa haka yake cewa.”

“Ni ba kowa ba ne. Ba ma faɗin abin da ba za mu yi ba, kin manta?”

Na yi kuka har Abuja. Kawu ya yi ta miƙo mini hankici yana cewa mura ce.

Damina ta wuce, aka yi rufin ɗakin 'yan mata. Kullum muna waya ta bidiyo, rabi da baki, rabi da hannu. Yarana suka gano, suka raɗa masa suna: sai su ɗaga hannu sama can, su dafa kunne, wato dogo mai jan kunne.

Ana saura kwanaki Kirsimeti, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu.

Jelle ya fito.

Heit ya fito.

Sai ga Mem, da ƙatuwar hula, fuska jajir don rana, matar da ko Amsterdam ba ta son zuwa!

Aka taru a tsakar gida, dangi har kan katanga. Babana ya zauna a kujerarsa ya haɗe rai kamar bai san zancen ba. Jelle ya durƙusa yadda Kawu ya koya masa. Ya yi wata da watanni yana haddar abin da zai faɗa da Hausa.

“Baba... na zo... mun zo...”

Ya tsaya. Gumi ya karyo masa.

“Baba, na...”

Haddar ta gudu!

Ina leƙe ta taga. Ƙannena na danne dariya.

Sai Mem ta miƙe. Ta tako har gaban Babana, ta ce da Turancinta mai kauri:

“Ɗana ya manta, ni ban manta ba. Na taɓa zargin 'yarku a cikin gidana, ta fi ni gaskiya. Mun zo roƙonta. In kun ba mu, ba suruka na samu ba, 'ya na samu.”

Kawu ya fassara, ya ƙara gishiri da karin magana har uku, waɗanda Mem ba ta taɓa ji ba.

Babana ya dubi Mama. Mama na goge ido da bakin zane.

“To makarantar fa?” ya ce. “Yaran nan ba su da wata uwa.”

Jelle ya ɗago. Wannan karon bai nemi hadda ba.

“Ni zan zo. Zan zauna har ta horar da wadda za ta gaje ta. Heit ya samu mai taya shi da shanu.”

Na dubi Mem. Ta san da maganar. Ta gyaɗa kai.

Babana ya ƙare wa Jelle kallo. Sannan ya ce:

“Ku gaya wa dogon nan ya tashi, kada gwiwarsa ta karye a gidana. Na ba shi.”

Guɗa ta tashi!

Heit bai ji ta ba, amma ya ga bakunan mata a buɗe, ya ga Mama ta rungume Mem. Ya waiga yana nema na. Na fito daga ɗaki da gudu, na manta da kunyar amare, na tsaya a gabansa na faɗa masa da hannu:

“Sun yarda!”

Ya kama kaina da manyan hannayensa masu kaushi, ya sumbaci goshina.

Bayan Ista aka ɗaura aurenmu. Yarana ne 'yan matan amarya.